Yadda Ake Cin Bikin Jazz na New Orleans da Kunne da Ido

A wurinmu bazara lokacin zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu rana na ƙwallewa, rijiyoyi na ja da baya, kowa na ɗaga kai gabas ko hadari zai haɗu. A Amurka kuwa waɗannan watanni su ne lokacin da sanyi ke sakin mutane. Wanda ya yi hunturu a Chicago ko Minneapolis, ya kwashe wata huɗu yana kankare ƙanƙara a gilashin mota kafin ya tafi aiki, ya san irin farin cikin da ake yi ranar da itatuwa suka fara toho. Jama'a sukan fito waje kamar an buɗe musu ƙofa, kuma kusan kowane gari yana da bikin da yake tarbar wannan yanayi da shi. A ganina babu wanda ya kai na New Orleans, a jihar Louisiana, inda ake haɗa kiɗan jazz da baje kolin zane da aikin hannu a fili ɗaya. Sunansa New Orleans Jazz & Heritage Festival, amma 'yan gari Jazz Fest kawai suke cewa.

An fara shi a watan Afrilun 1970. George Wein, mutumin da ya kafa bikin jazz na Newport a 1954, shi aka gayyato ya tsara shi, kuma a wannan karon na farko shahararren makaɗin jazz Duke Ellington da mawaƙiyar waƙoƙin coci Mahalia Jackson sun halarta. 'Yan kallon ba su wuce ɗaruruwa ba. A 1972 aka mayar da shi filin sukuwar dawakai na Fair Grounds, inda yake har yau, kuma yanzu dubun dubatar mutane ke shiga kowace rana. Wannan girman shi ne matsalar baƙo. Mutum zai iya biyan kuɗin jirgi da masauki, ya wuni a tsaye cikin rana yana hangen wani shahararren mawaƙi ta allon talabijin, ya koma gida bai ji jazz ba, bai kuma ga zane ko ɗaya ba. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda za ka kauce wa hakan.

Zaɓen ranaku da masauki

Ana yin bikin ne a ƙarshen mako na ƙarshe a Afrilu da na farko a Mayu, daga Alhamis zuwa Lahadi, ƙarfe 11 na safe zuwa 7 na yamma. Idan kwana biyu kawai za ka iya, ɗauki Alhamis da Juma'a. Cunkoso ya fi sauƙi, ana samun kujera a cikin rumfuna, masu zane kuma suna da sukunin tsayawa su yi hira da kai. Asabar ce ranar turereniya. Idan kana da hali, ka zo ƙarshen makon farko ka zauna har Laraba, domin ranakun tsakani suna da nasu amfani da zan zo kansa.

Ka kama masauki tun watan Janairu, lokacin da aka saba fitar da sunayen makaɗa, don daga nan farashin ɗakuna ke tashi. Ka nemi wuri kusa da titin Canal ko unguwar Mid-City. Tikiti ya fi araha idan an saya tun da wuri ta shafin bikin. Mai tasowa daga gida Najeriya, Nijar ko Gana, maganar biza ita ce ta farko, a gama da ita kafin a biya kuɗin komai. Filin jirgin da za ka sauka sunan Louis Armstrong yake ɗauke da shi, ɗan garin da aka haifa a 1901, wanda ya zo Najeriya da kahonsa a 1960.

Ka shirya kunnenka kafin ka tashi

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, shi ya sa wasu ke cewa jazz hayaniya ce. Wata guda kafin tafiya, ka riƙa sauraron gidan rediyon WWOZ, wanda ke kan mita 90.7 a garin kuma ana kama shi ta intanet. Rediyon al'umma ne, yawancin masu gabatarwa 'yan sa-kai ne, kuma kiɗan garin suke sawa dare da rana.

Ga abin da za ka saurara. Ƙungiya takan fara da karin waƙar gaba ɗaya, kowa ya ji shi. Daga nan sai a ba makaɗi ɗaya fili, ya ɗauki karin nan ya juya shi, ya ƙirƙiri nasa nan take, sauran suna riƙe masa amo. In ya gama sai na gaba ya karɓa. A ƙarshe su koma karin da suka fara da shi. Bahaushen da ya taɓa zama gaban makaɗin fada yana jin yadda yake jefa baiti 'yan amshi suna karɓa ba zai sha wahalar gane wannan ba: kaho ya yi magana, ganga ta ba shi amsa. Wani lokaci za ka ji mai kaho da mai ganga suna musayar gajerun jimloli, wannan ya faɗa wancan ya mayar, har zafin ya kai inda jama'a za su miƙe. Al'adar wurin ita ce a yi tafi bayan kowane makaɗi ya gama nasa, ba sai an jira waƙa ta ƙare ba.

A tsohon salon New Orleans kayan busa uku ne a gaba. Kaho ne ke riƙe da karin, kilarinet na zagaya shi da siririyar murya ta sama, tirombon mai zarya kuma na cike ƙasa. A baya akwai ganguna, da tuba ko babban goge na tsaye, da banjo. Ka kula da banjon nan sosai. Asalinsa kayan kiɗa ne na ƙwarya da fata da tsirkiya da bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suka sake ƙerawa a nahiyar Amurka, dangin molo da gurmi ne. Ranar da na fara ganin sa kusa da kusa na daɗe ina kallon fatar da aka ɗaure a bakinsa.

Jadawali

Makonni kaɗan kafin biki ake fitar da jadawalin kowace rana, mai nuna dandali da sa'a. Dandalin sun haura goma, duk suna aiki lokaci guda, saboda haka dole ka bar wasu. Ka buga jadawalin a takarda, don layin waya kan cushe idan jama'a sun cika fili. Ka zagaye abu uku kacal da ba ka son rasawa a rana. Sauran lokacin ka bar shi a sake. Ka ware aƙalla awa biyu don zane, ka rubuta su a takardar kamar yadda ka rubuta sunan makaɗi, in ba haka ba kiɗa zai cinye ranar.

Kaya da shiga fili

Rana a ƙarshen Afrilu ba ta kai ta Sakkwato ba, amma iskar garin na da laima, gumi ba ya bushewa. Ka sa tufafin auduga marasa nauyi da malafa. Yadin shadda mai sitaci ka bar shi don dare. Ruwan sama kan sauko ba sallama, filin dawakai kuma in ya jiƙe taɓo ne har idon sawu, shi ya sa za ka ga 'yan gari da farin takalmin roba irin na masunta. Ka ɗauki takalmin da ba za ka ji ciwon lalacewarsa ba, da rigar ruwa ta leda. Ana barin mutum ya shiga da gorar ruwa da ba a buɗe ba. Tun 2023 rumfunan abinci da kati ake biya, ka tabbata naka yana aiki a Amurka.

Kada ka je da mota, unguwar ta gidajen mutane ce, babu wurin ajiyewa. Akwai bas na musamman daga tsakiyar gari. Akwai kuma jan taragon titin Canal, ka hau wanda ke zuwa City Park, ka sauka a ƙarshen layi ka ƙarasa da ƙafa ta titin Esplanade, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Na fi son wannan hanyar, don mutanen unguwa kan zauna a barandarsu suna gaisawa da masu wucewa, yara na sayar da ruwan sanyi.

Abu ɗaya mai muhimmanci: tikitin yau da kullum in ka fita da shi ba ka dawowa. Ranar Juma'a ka fara zuwa masallaci a cikin gari, sannan ka shigo. Sauran ranaku ka shigo da alwala da 'yar dadduma mai naɗewa, ana samun gefe mai natsuwa ta bayan rumfuna don Azahar da La'asar.

Inda jazz ɗin yake

Manyan dandali biyu da ke ƙarshen fili nan ake sa taurarin duniya, kuma sau da yawa ba jazz suke yi ba. Ka wuce su da safe. Ka nufi rumfar Economy Hall, wadda aka sa wa sunan wani tsohon zauren ƙungiyar taimakon juna ta baƙaƙen fata a unguwar Tremé. Nan ake tsohon salo. Ka zauna kusa da hanya ta tsakiya. Da zarar kiɗa ya yi daɗi za ka ga dattawa, mata da maza, sun miƙe da ƙananan laimomi masu ado da fararen hankici, suna zagaya kujeru a jere suna taku. Wannan shi ne abin da suke kira layi na biyu, wato jama'ar da ke bin bayan makaɗa a jerin gwano na titi ko na jana'iza. Ba a hana baƙo shiga. Ka ciro hankicinka ka bi bayan na ƙarshe.

Bayan azahar ka koma rumfar jazz ta WWOZ, inda ake salon zamani. Nan ana zama ne a yi shiru a saurara. Ka shiga tun ƙungiyar da ke gaban wadda kake jira ba ta gama ba, domin lokacin canji ne kujeru ke samuwa. Ka zauna waƙa uku aƙalla kafin ka yanke hukunci. Jazz na zamani kan ɗauki lokaci kafin kunne ya kama zarensa, kuma wanda ya tashi bayan minti biyar bai ba makaɗin haƙƙinsa ba.

Akwai kuma ƙaramin dandalin Jazz & Heritage, wurin ƙungiyoyin kahonni na titi. Babu kujera, babu nisa tsakaninka da makaɗa. In ka gaji da rana, shiga babban ginin 'yan kallon sukuwa, akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma a ciki ake zaunar da makaɗa ana yi musu tambayoyi kan rayuwarsu, a dandalin da ke ɗauke da sunan Allison Miner, ɗaya daga cikin matasan da suka taimaka aka kafa bikin. A ginin ake kuma baje hotuna na tarihin garin.

Rabon ido

Kasuwannin fasaha uku ne a filin, kuma ba kowa ake ba rumfa ba, sai an tace aikin mutum. Masu baje koli na canzawa tsakanin mako na farko da na biyu, saboda haka abin da ka gani yau ka so, kada ka ce sai mako mai zuwa.

Ka fara da kasuwar Congo Square, inda ake kawo aikin Afirka da na 'ya'yanta da ke warwatse a duniya. Za ka ga abin da ka saba gani a gida, sassaƙa da rini da aikin fata, kusa da zanen matasan baƙaƙen Amurka. Ka kwatanta su, akwai abin lura a yadda launi da zubin suke kama da juna. Daga nan ka je kasuwar fasahar zamani, wurin masu fenti, masu ɗaukar hoto, maƙeran azurfa da masu narka gilashi. Ta uku ita ce ta Louisiana, ta masu aikin gargajiyar jihar. Kusa da ita akwai ƙauyen da masu sana'a ke aiki a gaban jama'a, masu saƙar kwando, masu sassaƙa kwalekwale, masu ƙera kayan kiɗa.

Yadda ake kallon zane a irin wannan wuri: ka zagaya kasuwar sau ɗaya ba tare da ka sayi komai ba. Ka tafi ka ji kiɗa. Zanen da ya ci gaba da dawowa zuciyarka kana zaune a rumfa, shi za ka koma wa. In ka koma, tsaya nesa da shi taku biyar, sannan ka matso har ka ga sawun buroshi. Ka gaida mai shi, domin yawanci wanda ke zaune a rumfar shi ya yi aikin da hannunsa. Tambaye shi da me ya yi, kwana nawa ya ɗauka, wane ne a hoton. Ka tambaya ko na asali ne ko bugu, in bugu ne guda nawa aka yi. Kada ka ɗauki hoton aikin mutum sai da izininsa. Kuma a nan ba a ciniki irin na Kurmi, inda mai kaya zai faɗi goma ka taya uku. Taya rabin kuɗi cin fuska ne ga mai zane. In ya fi ƙarfinka, ka tambaya ko akwai ƙarami ko bugunsa, kusan kullum akwai.

Bikin yana da hoton bango nasa na kowace shekara tun 1975, bugun hannu ne mai ƙayyadadden adadi, kowane da lambarsa a ƙasa. George Rodrigue, mai zanen shuɗin karen nan da ya yi suna, shi ya zana Louis Armstrong a na 1995. Mai sa hannun mai zane ya fi tsada kuma shi ke fara ƙarewa. In kana so, saya ranar farko, ka nemi a aika maka gida maimakon ka wuni kana kare shi daga ruwa.

Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai ba a jikin bango yake ba. Akwai ƙungiyoyin baƙaƙen fata na garin da ake kira Indiyawan Mardi Gras (Mardi Gras wani babban biki ne na garin da ake yi duk shekara), waɗanda ke cewa suna girmama 'yan asalin ƙasar ne da suka ba bayi masu gudu mafaka. Kowane mutum yakan kwashe shekara guda yana ɗinka rigarsa da hannu, ƙananan duwatsun ado ɗaya bayan ɗaya har su zama hoto, a kewaye da gashin jimina da aka rina. Shekara na zagayowa sai a soma sabuwa. Wanda ya san wahalar da mai ɗinkin hannu ke sha kafin ya gama aska takwas a babbar riga zai fahimci abin da ke gabansa. Suna yin jerin gwano a cikin filin da ganguna, kuma lokacinsu na cikin jadawali. Ka ba su hanya, kada ka taɓa rigar, kada ka ratsa tsakaninsu.

Abinci

Girkin Louisiana na da daɗi, amma naman alade na shiga wurare da yawa da ba za ka zata ba: cikin jan wake da shinkafa, cikin dafa-dukarsu ta jambalaya, har da miyar gumbo, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar kuɓewa a harsunan Bantu. Ka tambaya kafin ka saya, masu sayarwa sun saba da tambayar. Kifi da jatan lande sun wadata. A ɓangaren Congo Square an daɗe ana sayar da jama-jama, wato soyayyen alayyafo irin na Kamaru, da soyayyar ayaba. Ka sha daskararren mangwaron da ake sayarwa don tallafa wa WWOZ. Ka ci abinci kafin ƙarfe 12 ko bayan 3, layi ya fi gajarta.

Bayan ƙarfe bakwai

In an tashi daga fili, garin ne ke karɓa. Ka yi wanka ka huta, sannan ka nufi Preservation Hall a titin St. Peter. Ka kama wuri ta intanet tun kafin ka zo gari, ɗakin ƙarami ne, benci ne da tsohon bango, kuma ba mashaya ba ce, har yara ana shiga da su. Tarihinsa ya dace da wannan tafiya. A shekarun 1950 shagon sayar da zane ne na wani mai suna Larry Borenstein, wanda ya riƙa gayyato tsofaffin makaɗan da aka manta da su suna kiɗa a cikin shagon. Daga nan abin ya girma, a 1961 ya zama zauren kiɗa ƙarƙashin kulawar Allan da Sandra Jaffe. Hotunan makaɗan da Noel Rockmore ya zana suna rataye a bangon. Ka iso da wuri ka dube su kafin a fara, kuma ka mayar da waya aljihu, ba a ɗaukar hoto lokacin kiɗa.

Titin Frenchmen ma na da gidajen kiɗa a jere, da kasuwar zane ta dare a fili ƙarƙashin fitilu. Yawancin gidajen mashaya ne. Wanda ba ya son shiga bai yi asara ba, don ƙungiyoyin kahonni na tsayawa a bakin titi. In ka tsaya ka saurara, ka jefa wani abu a bokitinsu, da shi suke biyan haya. Saboda wannan ka riƙe 'yan ƙananan takardun dala.

Ranakun tsakani

Litinin ka je Congo Square na ainihi, cikin lambun Louis Armstrong, inda aka yi bikin farko. A 1817 hukumar gari ta taƙaita taruwar bayi zuwa wannan fili, kuma ranar Lahadi suke haɗuwa su yi kasuwa, su buga ganguna, su yi rawar ƙasashensu. Fili ne shimfiɗe da duwatsu da manyan itatuwa, ba wani gini. Ka zauna kaɗan. Daga nan ka taka cikin Tremé zuwa gidan tarihi na Backstreet, inda aka ajiye rigunan Indiyawan nan, ka ga ɗinkin kusa da kusa ba tare da turereniya ba.

Wata ranar ka ba gidan kayan fasaha na New Orleans da ke City Park, wanda aka buɗe a 1911. Yana da sashen fasahar Afirka mai kyau, kuma lambun sassaƙa da ke gefensa kyauta ake shiga. Gidan tarihin jazz na tsohon ginin buga kuɗi a titin Esplanade na ajiye da kahon da Armstrong ya koyi busa da shi yana yaro. Da yamma ka zagaya dandalin Jackson, inda masu zane ke rataye aikinsu a jikin shingen ƙarfe. Ka duba kwanakin buɗewar kowane gida kafin ka fita, wasu na rufewa a farkon mako.

Wanda ya kai Lahadin ƙarshe, nan ne zan ce ya je babban dandali. Tun 2013 Trombone Shorty, ɗan Tremé da ya fara busa tun yana ƙaramin yaro, shi ke rufe bikin. Ka kama wuri tun ƙarfe 4.

Komawa da abin da ka saya

Ka karɓi rasit da katin mai zane, ka rubuta sunan aikin da shekarar a bayansa da fensir. Zanen takarda a naɗe shi da fuskar a waje, a sa farar takarda mai laushi a kai, a zura cikin bututun kwali, ka riƙe shi a hannu cikin jirgi. Na kyalle in babba ne, roƙi mai shi ya cire shi daga katako ya naɗe maka, a gida kafinta zai sake ɗaure shi. In ka isa, kada ka rataye shi inda rana ke bugawa kai tsaye, kuma a sa masa gilashi kafin ƙurar hunturu ta iso.